Yadda na sa sabar haɗaka ta riƙa ajiye kwafin sababbin fayiloli da kanta

Ina kula da wani shafin intanet da jama'a ke ɗora takardu da hotuna a kansa kullum, kuma shafin yana zaune ne a sabar haɗaka, wato kwamfuta ɗaya da kamfani ya raba wa masu haya da dama. Kamfanin yakan ɗauki kwafin komai lokaci-lokaci, amma fayil ɗin da aka ɗora da safe, aka goge shi bisa kuskure da yamma, ba lallai ne ya shiga wannan kwafin ba. Wannan giɓin ne na ƙudiri aniyar toshewa.

Da farko hankalina ya tafi ga inotify, wani ɓangare na Linux (babbar manhajar da ke tafiyar da sabar) tun 2005, domin yana ba da sanarwa nan take da zarar fayil ya canza. Sai dai mai haya ba shi da ikon girka manhaja yadda ya ga dama, kuma kamfanoni da yawa suna tsayar da duk wani shirin da ya daɗe yana aiki. Don haka na koma ga cron, manhajar da ke kunna shiri a lokacin da aka tsara mata, na tsara masa ya kunna ɗan gajeren shirina bayan kowane minti 15.

A nan ne na gane cewa ainihin wahalar ita ce tantance wane fayil ne sabo. Na ajiye wani fayil da babu komai a cikinsa a matsayin alamar lokaci, umarnin find, mai neman fayiloli, kuma yana zaƙulo duk abin da ya zo bayansa. Amma Linux yana riƙe wa kowane fayil lokuta fiye da ɗaya: akwai lokacin da aka gyara abin da ke cikinsa, akwai kuma lokacin da bayanansa suka sauya a kan sabar. Fayil ɗin da aka warware daga zip, wato ƙunshin fayiloli da aka matse, yakan zo da tsohon lokacin gyaransa, ko da na shekarar da ta gabata ne, saboda haka zaɓin -newer na find, wanda ke duba lokaci na farkon, yana tsallake shi alhali yanzu ya iso. Zaɓin -cnewer, wanda ke duba lokaci na biyun, shi ne ya kama irin waɗannan.

Matsala ta biyu ta fi ɓoyuwa. Idan wani yana tsakiyar ɗora babban fayil ta FTP, hanyar tura fayiloli zuwa sabar, sai shirin ya tashi, rabin fayil zai kwafa, kuma rabin fayil ya fi rashinsa haɗari, tunda mutum zai saki jiki yana zaton yana da ajiya. Na sa shirin ya ƙyale duk abin da aka taɓa cikin minti 2 da suka wuce. Wannan kuma ya wajabta mayar da alamar lokacin baya da minti 5 a kowane zagaye, domin in ba haka ba, fayil ɗin da aka ƙyale yanzu zai zama ya girmi alamar, zagaye na gaba ma ba zai gan shi ba. Haka kuma ba a sabunta alamar sai an tabbatar kwafin ya kammala lafiya. Kwafa fayil sau biyu ba ya cutar da kowa.

Jerin da find ya fitar ina miƙa shi ga rsync, manhajar kwafar fayiloli, shi kuma ya aika fayilolin ta SSH, amintacciyar hanyar haɗa kwamfutoci, zuwa wata sabar dabam, domin kwafin da ke zaune a faifai ɗaya da asalinsa tare za su salwanta. Da gangan na guji zaɓin --delete, saboda yana goge a wurin ajiya duk abin da aka goge a shafin, wanda kuwa shi ne abin da nake gudu tun farko. Na ƙara flock, umarnin da ke sanya kulle, domin kada sabon zagaye ya tashi alhali na baya bai gama ba.

Sau ɗaya a mako, da tsakar dare, rsync yana kwatanta foldar gaba ɗaya domin ya tsinci abin da ya kuɓuce. Duk wata kuma nakan ɗauko wasu fayiloli daga ajiyar, in buɗe su, in kwatanta su da na asali ta hanyar sha256sum, umarnin da ke fitar wa kowane fayil lambar shaida daga abin da ke cikinsa.