Wasiƙa daga Capileira, ƙauyen da ake shuka ruwa a kan dutse

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Ina gaishe ku manya da yara, da fatan kowa yana lafiya, ya aiki, ya haƙuri da rashinmu. Daga kudancin Sifaniya nake rubuto muku, daga wani ƙauye mai suna Capileira a lardin Granada, cikin yankin tsaunukan da ake kira Alpujarra. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, na lura duk wanda Allah ya kawo ƙasar nan daga cikinmu, ɗalibi ko ɗan kasuwa, in ya tashi ganin abin da Musulmin Andalus suka bari, fadar Alhambra yake nufa, ya ɗauki hotuna ya juya. Alhambra ta isa a je a gan ta, babu musu. Sai dai masu ita sun daɗe da tafiya. A nan bisa duwatsu kuwa akwai aikin hannun talakawan wancan zamani, wanda har gobe shi ke shayar da mutane da gonakinsu, kuma ba ya ganuwa sai an taka da ƙafa.

Daga birnin Granada, bas takan fi awa biyu tana hawa, ta bi ta Lanjarón da Órgiva, daga nan hanya sai kwana bayan kwana. Wanda mota ke sa wa jiri ya zo da shirinsa. Ƙauyuka uku ne a maƙale a gefen kwazazzabon kogin Poqueira, wani bisa wani: Pampaneira a ƙasa, Bubión a tsakiya, Capileira can sama, mita 1,436 daga doron teku. Mazauna Capileira ba su kai dubu ɗaya ba. Tun 1982 gwamnati ta sa ƙauyukan uku cikin wuraren tarihi da aka hana a sauya musu kama, shi ya sa ba za ka ga rufin kwano ko dogon bene ya tokare wa kowa gani ba.

Gidajen farare ne tas, an shafe su da farar ƙasa, rufinsu kuma a shimfiɗe. Bahaushe na ɗaga kai zai tuna da soron gidansu: an jera itatuwa kamar azara, an shimfiɗa falalen dutse a kai, an zuba wata toka-tokar ƙasa mai suna launa wadda ruwa ba ya ratsawa, an daɓe, ga indararo yana leƙowa. Rufin wani shi ne farfajiyar maƙwabcinsa na sama, a nan ake shanya barkono da masara. Lungunan ƙanana ne, masu gangara, wasu an rufe samansu ta yadda za ka bi ta ƙarƙashin ɗakin wani ka ɓulla wata unguwa. A Pampaneira har akwai lungun da ruwa ke gudu a tsakiyarsa dare da rana. A ƙofar shaguna an rataye jarapa, dardumar da ake saƙawa da ƙyallaye masu launi iri-iri.

Tarihin wurin mai nauyi ne. Bayan Granada, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗa hannun Kiristoci a 1492, yankin Alpujarra aka bai wa sarkinta na ƙarshe, Abu Abdullahi, wanda Turawa ke kira Boabdil, kafin ya ƙetare zuwa Fas ta Maroko a 1493. Talakawa suka zauna, suna noma da kiwon tsutsar alharini. Aka tilasta musu barin addini, daga baya aka hana su harshensu da tufafinsu, sai suka yi bore a 1568 ƙarƙashin Aben Humeya. Yaƙin ya ƙare a 1571, aka kwashe su aka warwatsa cikin ƙasa, aka kawo wasu mutane daga wasu sassan Sifaniya aka zaunar a gidajensu. Daga 1609 aka fara korar ragowarsu daga ƙasar baki ɗaya. Nakan tuna da wannan in ina tafe a lungunan, zuciyata ta yi nauyi.

Amma baƙin da aka kawo ba su iya yar da tsarin ruwan da suka tarar ba, domin in babu shi dutsen ba ya zaunuwa. Ga yadda abin yake. Da hunturu dusar ƙanƙara ke lulluɓe tsaunukan Sierra Nevada. Idan ta soma narkewa wajen watan Afrilu zuwa Yuni, ruwan zai so ya kwarara gaba ɗaya ya faɗa Bahar Rum cikin ɗan lokaci, alhali watannin zafi a nan kusan babu ruwan sama. Sai manoma suka haƙa ƙananan magudanai can ƙololuwa, suna tare ruwan daga rafuka, suna jansa a hankali a gefen dutse, wani lokaci tafiyar kilomitoci. Ba a shafe su da siminti ba, da gangan, don ruwa ya riƙa tsatsafowa a hanya. In an kai wuraren da aka san ƙasa na shanye ruwa, sai a sake shi ya nutse. Bayan makonni ko watanni ya ɓuɓɓugo a idanun ruwa na ƙasa, daidai lokacin da gona da ƙauye ke tsananin bukatarsa. Su da bakinsu suna cewa shuka ruwa suke yi, kuma masu bincike sun ce dabarar ta haura shekara dubu.

Kowace shekara masu gonaki kan yi gayya su yashe magudanan da shebur da fartanya, kuma kowa ya san ranarsa da sa'arsa ta ban ruwa. Matsalar ita ce matasa sun koma birane, hannuwa sun yi ƙaranci, wasu magudanan sun cike. Masu binciken tarihi na Jami'ar Granada sun haɗa kai da manoma da 'yan sa-kai suna farfaɗo da wasu daga ciki. A ganina wannan ya fi a gina gidan tarihi goma.

Wanda ke son ya gani da idonsa, ya bi hanyar La Cebadilla. Zagaye ne na awa uku zuwa huɗu daga Capileira, kuma duk mai ƙoshin lafiya zai iya. Za ka fita ta saman ƙauye, ka bi gefen magudanar da ke kai wa ƙauyukan ruwa, ka wuce gonaki da aka yanka hawa-hawa a jikin dutse, da tsofaffin masussukai da aka shimfiɗe da duwatsu a inda iska ke kaɗawa, don sheƙa. La Cebadilla kanta unguwa ce da aka gina wa ma'aikatan tashar wutar lantarki ta ruwa, yanzu ta zama kufai, har da ɗan cocinta. Daga nan sai ka haye gada ka dawo ta ɗaya gefen kogin, inda za ka hango ƙauyukan uku a jere. Abin lura a hanya shi ne yadda kore ke bin ruwa: ƙarƙashin magudana itatuwa da ciyawa shar, taku kaɗan samanta ƙasa a bushe. Masu son doki ko keken hawan dutse su ma suna samun na haya a yankin.

Masu ƙarfin gwiwa kuma sai Mulhacén, mita 3,479, tsaunin da ya fi kowane tsawo a Sifaniya in aka cire na tsibiran Kanari. Sunan mahaifin Boabdil ne, Maulaya Abul Hasan, kuma almara ta ce a can aka binne shi. Tsaunin yana cikin gandun dajin Sierra Nevada da aka keɓe tun 1999. A watannin zafi hukumar gandun na da ƙaramar bas da ke ɗaukar mutane daga Capileira ta rage musu hawa, sauran a ƙarasa da ƙafa. Wasu kuma kan kwana a masaukin Poqueira, mita 2,500, su yi sammako. Iska a can ba ta da kauri, taku kaɗan sai haki, rana na ƙuna amma sanyi na ratsa ƙashi, don haka a riƙe rigar sanyi da ruwa da takalmi mai ƙwari ko da a watan Agusta. Za ku gamu da awakin dutse masu manyan ƙahonni, ba sa gudun mutane sosai. Kada a tsinki furanni, akwai tsirran da babu su a ko'ina a duniya sai nan, kuma doka ta hana. Ranar da sama ta washe, akan hango duwatsun Maroko a ƙetaren teku. Da hunturu kuwa, kada wanda bai da kayan hawan ƙanƙara da ɗan jagora ya gwada. Ana rasa rayuka a can.

Maganar abinci sai an yi hattara. Yankin ya yi suna da busasshen naman alade, musamman ƙauyen Trevélez, kuma sukan sa shi har cikin kifi da wake da miya ba tare da an rubuta ba. Ku tambaya kafin a zuba. Dankali soyayye da barkono da man zaitun, ƙwai, cukun akuya, zuma da burodi sun ishe ni ban taɓa kwana da yunwa ba. In kun zo farkon Nuwamba za ku tarar da bikin gasa kastanya, 'ya'yan wani itace mai ɓawo mai ƙaya, ana gasawa a fili ana raba wa kowa. Wanda ke son Juma'a ya sauka Granada, akwai babban masallaci a unguwar Albaicín da aka buɗe a 2003, yana fuskantar Alhambra, da mahauta masu naman halal a birnin.

Lokacin da na fi ba da shawarar zuwa shi ne Mayu da Yuni, sa'ad da magudanan ke cike kuma ƙanƙara ba ta gama barin ƙololuwa ba, ko kuma Oktoba. A guji ƙarshen mako in da hali, saboda cunkoson 'yan yawon buɗe ido daga birni.

A gaishe mini da iyaye da malamai da duk wanda ya tambaye ni. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Andalus