Kwana ɗaya a Freiberg, garin Silbermann maƙerin ogan

Ban je Jamus da niyyar zagaya coci-coci ba. Na je Dresden ne ganin ɗan ƙanwata da ke karatu a can, kuma shi ne ya matsa mini da cewa, "Kawu, tunda kai ɗan kafinta ne, akwai aikin wani ɗan kafinta da ya kamata ka gani kafin ka koma Jos." Haka muka hau jirgin ƙasa zuwa Freiberg, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Mai duba tikiti ya tsaya a kaina yana jujjuya takardata kamar ya kama ɓarawo, bai amsa gaisuwata ba, da ya ga komai daidai kuma sai ya wuce abinsa ko kallo ban ishe shi ba.

Freiberg tsohon garin haƙar azurfa ne, kuma a babban cocinsa abin da muka zo gani yake. Ogan katafaren abin kiɗa ne da ya cika bango guda, ana danna shi da hannu da ƙafa, iska kuma tana fitowa daga zugazugi irin na maƙera, sai dai manya ne ƙwarai, ta bi cikin bututu ta ba da sauti. Na wannan coci yana da bututu 2,674, wasu ba su wuce fensir ba, wasu sun ninka tsawon mutum. Da aka taɓa shi, na ji amon kakaki da algaita da sarewa a lokaci guda, har bencin da nake zaune a kai yana rawa.

Gottfried Silbermann ne ya ƙera shi, ya kammala a 1714 yana da shekara 31. An haife shi a 1683 a wani ƙauye mai suna Kleinbobritzsch, ya tafi Strasbourg ya koyi sana'ar a hannun yayansa Andreas, sannan ya dawo gida a 1710, ya kafa shagonsa a Freiberg a 1711. Wata dattijuwa da ke zagayawa da baƙi ta bayyana mana cewa da kuza da dalma ake narka bututun, kuma yawan kuzar da yake zubawa na daga cikin dalilan da sautin aikinsa ya fita tangaram. Da na ce mata a kan ramukan kuza na girma, sai ta saki jiki da ni, ta ƙara mana kusan rabin awa, ta kuma ba ni katin hoton ogan ɗin ta ƙi karɓar ko sisi. Ita ce ta wanke mini takaicin mai tikiti, ko da yake kuɗin ruwan sha a garin, idan na mayar da shi naira, har yanzu yana ba ni haushi.

Labarin da ya fi kama ni shi ne na yaronsa Zacharias Hildebrandt. Da yaron ya ƙware ya fara karɓar aiki da kansa, maigidan ya ja shi gaban shari'a, rigimar da duk wanda ya tashi a shagon kafinta a ƙasarmu ya san irinta. Amma da Silbermann ya rasu a 1753 yana tsakiyar aikinsa na ƙarshe a cocin fadar Dresden, wannan yaron ne ya ƙarasa shi a 1755. An ce mini kuma Silbermann bai taɓa yin aure ba, abin da a wurinmu da ya isa a yi ta tsegumi a kansa.

Washegari na ga wancan ogan na cocin fada, wanda bututunsa suka tsira domin an kwashe su an ɓoye a 1944. Ogan ɗin da Silbermann ya yi wa wani cocin Dresden mai suna Frauenkirche, wanda Bach, shahararren makaɗin Jamus, ya kaɗa a 1736, ya ƙone a ruwan bama-baman 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Zuwa gidan tarihin Silbermann da ke garin Frauenstein bai samu ba, saboda sanyi ya kwantar da ni. Ranar Lahadi na fita sayen tsaraba, na tarar shagunan unguwar duk a rufe.