Ta'aziyya a gidan soja

Jiya na je ta'aziyya gidan wani maƙwabcinmu wanda ɗansa soja ya rasu a bakin daga a jihar Borno. Mahaifin ya ce mini yaron bai taɓa tambayar jam'iyya ko addinin mutanen da yake karewa ba, kuma tun da na dawo gida maganar ta ƙi barin zuciyata.

Na tuna shekarar 2013, lokacin da matasan Maiduguri suka ɗauki gora suka mara wa sojoji baya har aka kori 'yan Boko Haram daga cikin birnin, da murnar da muka yi a watan Maris na 2015 da aka ƙwato Bama da Gwoza. Yau kuwa idan soja ya faɗi, kafin a yi masa sutura mun fara gardamar gwamnatin da ta fi gazawa.

Haƙƙinmu ne mu tambayi shugabanni inda kuɗin makamai da alawus ɗin dakaru suka shiga, amma ina yi musu addu'ar dacewa, domin umarninsu waɗannan yaran suke bi. Marigayin ya bar 'ya'ya biyu ƙanana, kuma mu 'yan unguwa mun ɗauki nauyin karatunsu.