Status ba gayyata ba ne

Ranar Alhamis da safe na buɗe waya sai ga katin ɗaurin aure an turo min ta WhatsApp, ko sallama babu, hoton kati kawai, kuma ɗaurin auren Asabar ne a Gusau. Jibi ke nan fa. Wallahi abin ya tsaya min a rai don amaryar ƙawata ce tun muna sakandare, da na sani da wuri da na shirya na je, amma yaya mutum zai yi cikin kwana biyu, ga yara, ga kuɗin mota, ga hanyar da ba a son bin ta da dare yanzu, dole sai dai ka yi sammako daga Sakkwato.

Mu da munka tashi a gidan yawa mun ga yadda ake yi. Da an sa rana, kafin ma a je wurin mai buga kati, manya ake fara gaya ma, kuma ba aike ba, ƙafa da ƙafa. Inna ta ɗauki mayafi ta zaga gidajen dangi da goro da alawa a ƙulle, ta durƙusa ta ce "Yaya, an sa ranar ɗiyarku, mun zo mu shaida maku." Ɗiyarku take cewa, ba ɗiyata ba. Kati daga baya yake zuwa, shi tuni ne kawai, girmamawar tana cikin takowar da anka yi.

Na ga abin da rashin haka ya jawo a danginmu. Wata gwaggonmu da ke Wurno, a wayar jikanta ta ga katin bikin ɗan ƙaninta, a status. Ba ta zo ba, ba ta aiko ba, kuma ba ta yi faɗa da kowa ba, abin da ta ce kawai shi ne ba a gaya mata ba. Kuma gaskiyarta, ba a gaya mata ba ɗin. Sai da kawu ya je har gida ya ba ta haƙuri, shi ma ba a rana ɗaya ta sauko ba.

Maganar lokaci kuwa, ni a ganina wanda ke cikin gari, Mabera ne ko Arkilla ko Runjin Sambo, sati biyu zuwa uku ya isa. Na nesa irin su Kano, Abuja ko dangi na Ƙonni a Nijar a ba su wata guda ko fiye, don wani sai ya nemi izini wurin aiki, wani kuma albashin ƙarshen wata yake jira ya haɗa gudummawa. Anko shi ya fi komai son wuri, a fitar da shi kamar sati 6 kafin biki, musamman a Sha'aban da kowa ke rige-rigen aurarwa kafin azumi ko a Disamba, teloli a cike suke, sai ki kai ɗinki a ce miki sai bayan biki. Amma kuma raba kati tun saura wata uku shi ma ba dabara ba ce, ana mantawa, kuma rana tana iya tashi. Idan saura kwana uku a bi da kiran waya.

Sannan don Allah a rubuta wuri dalla-dalla. Masallacin Shehu daban, na Sarkin Musulmi Bello daban, baƙo ba zai gane ba in an ce masa "babban masallaci" kawai. In an rubuta ƙarfe 11 kar a ɗaura 10:30 saboda wani babba yana sauri, mutane su iso ana watsewa.

Amsa gayyata yana cikin haƙƙin musulmi a kan ɗan uwansa, kuma hadisi ya kushe walimar da ake kiran masu kuɗi a bar talakawa, shi ya sa nake jin zafi in na ga an kai wa mai hali kati har ofis, maƙwabciyar da ke tayaku wanke-wanke kuma sai dai ta ji kiɗa ta katanga.

Bikin ƙanwata saura wata biyu, ko kati ba mu buga ba tukuna. Asabar ɗin nan in Allah ya kai mu ni da Inna Wurno za mu fara zuwa, an riga an sayo goron.