Ambaliyar Maiduguri da dam ɗin Alau

Wallahi har yanzu abin na cina a rai. A Satumban 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle bayan mamakon ruwan sama, kogin Ngadda ya cika ya tumbatsa, cikin dare ruwa ya shiga Gwange da Monday Market har fadar Shehu, mutane na tafe ruwa iya ƙirji da yara a kafaɗa, ga kadoji da macizai sun fito daga gidan zu. Kuma fa a 1994 an taɓa yin irinta! Abin da ya ƙara dagula lamarin, ga kwatoci cushe da leda, ga gine-gine a bakin kogi. An kwashe mutane zuwa sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da ke Maiduguri, sojoji da samarin unguwa suka yi ta ceto da kwalekwale, Allah ya saka musu.