Bidiyon Cousteau da na tura wa dangi

Daren wata Juma'a wani bidiyo ya shigo mini ta WhatsApp. Wani tsohon Bature ne siriri da jar hular ulu, yana tsaye a kan jirgin ruwa, wata murya kuma tana bayani da Hausa: wai wannan shi ne Jacques Cousteau, masanin teku na Faransa. Wai ya nutsa a mashigar Jibiralta, inda Bahar Rum ya haɗu da tekun Atlantika, ya tarar ruwa biyu sun haɗu ba su gauraya ba, da aka karanta masa ayar Suratur Rahman sai ya musulunta. Tsigar jikina ta tashi. Ban ma ƙarasa kallo ba na tura shi zauren danginmu.

Da safe ƙanwata, wadda take koyar da labarin ƙasa, ta kira ni. "Yaya, don Allah ka sake kallo. Ka ji inda shi mutumin ya yi magana da bakinsa?"

Na sake kallo har sau uku. Babu. Leɓensa yana motsi, amma an danne muryarsa da kiɗa mai taushi, mai sharhi kaɗai ake ji. Ba a faɗi shekara ba, ba a faɗi wanda ya yi hira da shi ba. Daga nan na fara bincike.

Mutumin dai gaskiya ne, jirginsa Calypso ma gaskiya ne. Shi da injiniya Émile Gagnan suka ƙera na'urar numfashi a ƙarƙashin ruwa a 1943. Amma tun yana raye, a 1991, gidauniyarsa ta fitar da wasiƙa cewa bai musulunta ba. Da ya rasu a 1997, a cocin Notre-Dame na Paris aka yi addu'ar jana'izarsa.

Hoton wani ruwa mai launi biyu da aka nuna a bidiyon a matsayin Jibiralta shi ya fi cin lokacina. Na ɗauki hoton allon, na sa a Google, sai ga shi a gaɓar Alaska, inda ruwan narkakkiyar ƙanƙara mai ɗauke da laka yake shiga teku. Abin da ke faruwa a Jibiralta kuwa, ƙanwata ta zana mini a bayan wata takarda: Bahar Rum ya fi gishiri saboda rana tana ƙafar da ruwansa, don haka ya fi nauyi, sai ya riƙa fita ta ƙasa, ruwan Atlantika kuma yana shiga ta sama. Wallahi wannan bayanin ya fi bidiyon girgiza ni, kuma ba a laƙaba wa kowa maganar da bai yi ba.

Abin ya yi mini ciwo, domin da niyyar alheri na tura. Na tuna labarin ɗan sama jannatin Amurka Neil Armstrong, wai ya ji kiran salla a duniyar wata, wanda muka taso muna ji, har sai da gwamnatin Amurka ta musanta shi a 1983. Yanzu ga manhajojin da ke kwaikwayon muryar mamaci, ko tambayar ƙanwata ba za ta wadatar ba. Sai an nemo cikakkiyar hirar da inda aka fara wallafa ta.

Na koma zauren na rubuta cewa labarin ba shi da tushe, a yafe mini. Kawu ya amsa da cewa ya riga ya tura wa mutanen masallacinsu. Da la'asar na tafi gidansa da takardar zanen a aljihuna.