Wace sana'a za mu koya wa yaranmu a Kumasi?

Yayata ta turo min ɗanta da ya gama sakandare in ba shi shawara. Hasashen ayyukan yi da nake gani yawanci Accra yake kallo, bankuna da ofisoshi, alhali kasuwarmu daban ce. Sai na kai shi Suame Magazine, babbar unguwar makanikai a nan Kumasi. Motocin yanzu kwamfuta ke sarrafa injinsu, kuma wani dattijon bakanike ya ce mana yaron da ya iya wayarin da na'urar gano matsala ba ya zaman banza. Ga kuma tashar sauke kaya ta tudu da ake ginawa a Boankra kusa da Kumasi, in Allah ya sa ta kammala za a nemi direbobi. 'Yan matanmu na zango ne ke damuna, wallahi: kusan kowacce ɗinki ko kitso ake tura ta, har shagunan sun yi wa unguwar Aboabo yawa.